Kalma Ɗaya, Ƙofa Uku

Daren Laraba a birnin Hull,
ruwan sama na dukan tagar laburare,
butar shayi na tsaki a lungu.
Kujera goma sha biyu, bakwai ne da mutane.
Na ɗauki alli, na ce mu fara.

Shekara talatin ina yankan tikiti a tashar jirgin ruwa,
yau ga ni da furfura, ina koyar da harshen da na sha a nono.
Na ɗauka na san shi kamar yunwar cikina,
ashe mai ɗaki ma da lungun da bai taɓa leƙawa ba,
sai baƙo ya nuna masa shara.

Na rubuta leave, na rubuta left a ƙarƙashinta.
Na ce, ta sama ta yau ce, ta ƙasa ta jiya.
Halina mai gyaran kifi, tafin hannunta duk tsaga,
ta ce, to ina wutsiyar nan
da kika ce a liƙa wa duk abin da ya wuce?
Na ce, wasu kalmomin tsofaffi ne, Halina,
sun girmi doka, ba sa jin gyara.

Dubi go: ta kwanta da suna ɗaya,
ta wayi gari went,
kamar ɗan da ya daɗe a uwa duniya,
ya dawo, mahaifiyarsa na masa kallon baƙo,
sai da ya yi tari ta saki ƙara.

Baran direban tasi ya ɗaga hannu.
Ni left ɗin da na sani hagu ce,
kullum na'urar mota na jefa min ita a kwanar asibiti.
Na ce, ita ce dai.
Harafi huɗu, ba ragi ba ƙari,
riga ɗaya, masu aro da yawa.
Ya ce, Turawa da rowa,
ko kalma sai an yi mata karo-karo!
Aka tuntsire, har da ni,
ban ga abin da zan ce a madadinmu ba, na kau da kai ina gyaran tabarau.

Tesfalem bai yi dariya ba.
Wata uku yana zama kusa da bututun ɗumi,
kwat a jiki, bai taɓa cire ta ba.
Ya ce, jiya a shagon burodi
matar ta ce min two left.
Biyun tafiya suka yi, ko hagu suka bi?
Na ce, a'a, su ne ba su tafi ba.
Su ne saura.

Ya daɗe yana kallon allon.
Wanda ya tafi, left.
Wanda aka bari, left.
Na gyaɗa kai.
Ya ce, mu goma sha tara muka shiga kwalekwale.
Ya rubuta a littafinsa, a hankali, bakin fensir na rawa:
nineteen left.
Ya tsallake layi ɗaya.
Six left.
Malama, akwai kuskure?

Babu kuskure.
Ban taɓa fatan samun kuskure a aikin ɗalibi kamar ranar ba.
Jan birona na hannu, ya rasa inda zai sauka,
butar ta gaji ta kashe kanta,
agogo kaɗai ke ta surutu, ba mai saurara.

Ban gaya musu ba,
Clifford ya tafi a watan Maris,
gefen hagu na gadonmu har yau ban murza shi ba,
ni ce kuma aka bari.
Shekara saba'in da ɗaya kalmar na bakina,
ban san ƙofa uku gare ta ba,
kuma duka a ɗakina suke buɗewa.

Ƙarfe tara. Halina ta wanke kofuna,
Baran ya fita ɗumama mota.
A faranti biskit ɗaya ya rage, gefensa a gutsure.
Tesfalem ya turo min shi da yatsa biyu.
One left, in ji shi.
Na raba shi gida biyu,
muka ci a tsaye, muna jiran ruwa ya tsagaita.